Tauraro na uku da ya fitar da Ticha daga gidanmu

Shekarun baya, can cikin shekarun tamanin, lokacin da jiniyar masaƙun Kakuri ke tashin mutum daga barci har a unguwar Nasarawa, nan Kaduna, ina haya a wani gida mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Aikin saƙa nake yi. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, shi ma na huɗun rabinsa a gona na yi shi. Na faɗa tun yanzu ne don kada wani mai digiri ya shigo ƙasan rubutun nan yana gyara mini ilimin taurari. Yadda aka koya mini haka zan faɗa. Wanda bai gamsu ba, sama tana nan, ya fita ya duba.

Kuma ku sani da fushi nake wannan rubutu. Jikata ta ce abin ya daɗe, in bar shi haka. Na ce mata daɗewar ce ta sa ya nuna.

Ɗakin da ke jikin nawa na abokina ne, malamin kimiyya a wata sakandare, mutumin kudancin jihar nan, Kirista, bai kai ga yin aure ba tukuna. Duk unguwa Ticha ake ce masa. Siriri ne mai sanyin murya. In yana magana sai ka matso kamar zai ba ka sirri, ashe tambayarka yake ko famfo ya kawo ruwa. Yadda yake ƙarewa da 'yan aji har yau ban sani ba. In azumi ya zo, shi ke riƙo wa mai ɗakina ƙanƙara a hanyarsa ta dawowa daga makaranta. In Kirsimeti ta zo, shinkafar da yayarsa ke kawo masa rabinta a cikina take kwana.

Aibinsa ɗaya ne, tauraro. Guda ɗaya tak cikin duk tarin da Allah ya watsa a sama. Da damina ta ja baya, sama ta wanke, sai ka ga Ticha ya kasa zama, yana leƙen gabas ta wajen arewa kamar mai jiran baƙo daga tasha.

Ranar da na tambaye shi abin da tauraron nan ya ci masa, sai ya shiga ɗaki ya fito da fitilar ƙwai, ya karɓi aci-balbal ɗin mai ɗakina, ya tsugunna a tsakar gida.

"Abin da kake gani guda ɗaya, biyu ne," in ji shi. "Kusa suke da juna ƙwarai, suna zagaye juna. Wannan mai haske, wannan dishi-dishi. Kusan duk kwana uku, mai dishin yakan gifta ta gaban mai hasken." Ya gitta aci-balbal a gaban fitila. "Sai haske ya ragu, a hankali, ya kai ƙarshen raguwarsa, ya dawo. Husufi ke nan, irin na rana, sai dai wannan ya yi nisa."

Na ce, "To shi ke nan, an gane. Me kuma kake nema a wurinsa?"

"Lokacin," in ji shi. "In su biyu ne kaɗai, husufin ba zai saɓa lokaci ba. Amma wani zubin yakan yi sammako da 'yan mintoci, wani zubin ya makara. Akwai na uku a gefe, yana zagaye su biyun, yana jan su. In ya ja su nesa da mu, haskensu ya ƙara daɗewa a hanya, sai mu ga husufin ya makara. In sun matso, ya yi sammako."

"Ka taɓa ganin na ukun?"

"Ba a ganinsa, ko da madubin hangen nesan nan nawa. Daga makarar ake gane yana nan."

Na ce, "Ashe fomanmu na masaƙa ne. Ba ka ganinsa sai ranar da ka makara."

Ya yi dariya har fitila ta kusa kifewa. Daga ranar ya sa mini Farfesa, ni kuwa na amsa, don ban ga wanda ya fi ni cancanta a gidan ba.

Daga tsakar gidanmu ba a ganin tauraron da wuri, mangwaro da katanga sun tare. Amma saman banɗaki an zuba kankare an ɗora tankin ruwa, akwai ɗan fili a gefe da zai ɗauki mutum biyu in ba masu ƙiba ba ne. Can muke hawa da tsani. Shi yana riƙe da madubin hangen nesa mai ido biyu, yana gwada hasken tauraronsa da na maƙwabtansa. Ni kuma aikina biyu: agogo da maƙogwaro. In ya ce "yanzu", in haska tocila in faɗi lokaci. Wai akwai irinsa a ƙasashe da yawa, marasa aikin yi da yamma, ana tara abin da kowa ya gani a haɗa.

Aikin maƙogwaron shi ne babba, kuma sai na yi muku bayani, ku da kuka taso cikin benaye. A lokacinmu namiji ba ya hawa rufi ko bishiya ko katanga a cikin unguwa sai ya yi shela. Gidaje a buɗe suke ta sama, mata na harkarsu a tsakar gida, wata kai ba ɗankwali, wata da ɗaurin ƙirji. Sai ka tsaya a gindin tsani ka ɗaga murya: "Za a hau sama! A kimtsa!" Ka maimaita, ka ɗan jira, sannan ka taka. Mai gyaran kwano yana yi, mai tsinkar mangwaro yana yi. Ni kuwa Allah ya ba ni murya. Mutumin da ya saba magana cikin ƙarar injin saƙa, in ya yi shela har kajin layi na uku sai sun kimtsa.

To, ga inda tsiyar take. Tauraron nan ta saman gidan maƙwabcinmu yake fitowa, wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Duk wanda ya hango mu daga ƙasa, madubin Ticha gidan Alhaji ya dosa. Mun yi damina biyu muna hawa ba wanda ya ce uffan, saboda ana jin shelata.

Sai wani mako aka juya ni aikin rana, wanda ake shiga da azahar a tashi cikin dare. Husufin kuwa ya faɗo daidai lokacin isha'i. Na ce wa Ticha ya haƙura da wannan. Ya ce irin wanda ke faɗowa da farkon dare haka ba kullum ake samu ba, sauran ko rana ta haɗiye su ko su zo mutane na barci. Na ce to in ka matsa, ka yi shela, ka buɗe baki sosai kamar gobara ta kama ɗakinka. Ya ce zai yi.

Bai yi ba. Kun san dalili? Ya zo gindin tsani, ya buɗe baki, sai ya ji an tayar da salla a ɗan masallacin da ke jikin katangarmu. Sai ya ga rashin ladabi ne shi Kirista ya kwarara ihu a kan mutane suna gaban Ubangijinsu. Ya tsaya jira, tauraro kuma ba ya jira. Sai ya faɗi shelar a hankali, da muryar nan tasa ta gaida mara lafiya, ya hau.

Ku duba lokacin da ladabi ya zaɓar masa. Maza duk suna masallaci, mata kaɗai ne a gidaje. Mahaifiyar Alhaji ta ɗaga kai ta ga mutum tsaye a sama da abu a ido. Ta fara da "ɓarawo", da ta gane shi ta koma "mai leƙe". Kafin a yi sallama layi ya cika. Ba don Baba mai gidan hayarmu ya tsaya a bakin ƙofa ba, da an taɓa lafiyarsa.

Da na dawo mai ɗakina ta ba ni labari. Na buga masa ƙofa na ce, "Ticha, da ka yi ihun, liman zai yi maka Allah ya isa ne? Mu da ake kiran sallar don mu, rediyo muke kashewa?" Ya ce, "Farfesa, na ga bai dace ba ne." Bai dace ba! Har yau in na tuna sai in ji kamar in jefar da abin da ke hannuna.

Washegari da la'asar aka tara mu a zauren mai unguwa. Tun a hanya na ja masa kunne. Na ce abu biyu kada su fito daga bakinka. Na farko sunan tauraron, don ya taɓa gaya mini sunansa na littafi daga Larabci ne, wai kan dodo. Na biyu, na ukun nan da ba a gani. Na ce mutanen nan na san su, ka ba su abin da ido zai kama, ka tsaya nan.

Alhaji ya yi jawabinsa, babbar riga na tashi tana sauka. Ya ce shi mutum ne mai kare iyalinsa, ya ce an mayar da gidansa silima. Ticha ya ba da haƙuri a kan shelar, ya faɗi dalilinsa, ya ce wallahi sama yake kallo. Alhaji ya ce, "Sama? Duk faɗin sama ba ka ga inda za ka kalla ba sai wadda ke kan gidana?"

Aka yi dariya. Ni kuwa na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan mai sauƙi ne. Ya ce akwai tauraron da ke rage haske a kan lokaci. Ya faɗi rana da lokaci, a fito fili kowa ya gani. In ya ragu, an san abin da ke kai shi sama. In bai ragu ba, ni da kaina zan fitar masa da kaya."

Mai unguwa dattijo ne mai son a rabu lafiya. Ya ce wannan magana ce. Ticha ya yi lissafinsa ya ce sai nan da wajen mako uku za a sami wanda zai faɗo bayan isha'i. Baba mai gida ya ce ya ji, ɗakin Ticha yana hannunsa har ranar, amma in abin bai tabbata ba, ya nemi wani wuri.

Makonnin nan ba na son tuna su. Mutumin da iyaye ke aiko masa 'ya'yansu ya duba musu lissafi kyauta, sai ga shi in ya gifta mata na jan mayafi har hanci. Mai shayin bakin layi, wanda Ticha ya rubuta wa ɗansa takardar neman makaranta, shi ne ya fara kiransa "na sama". Maganar ta haura har makarantarsu, hedimasta ya kira shi ofis, ga shi kuwa akwai 'yan mata a ajinsa. Ya rame. Ya daina fitowa tsakar gida shan iska, sai ya shige ɗaki cikin zafin nan ya rufo ƙofa.

Ana cikin haka mai ɗakina ta dawo daga wani suna ta ce in zauna. Ta ce ta haɗu da matar Alhaji. Matar ta ce mata ita ta daɗe tana hangen mu ta tagar ɗakinta, Ticha kullum fuskarsa a sama take, baki buɗe kamar mai jiran ruwan sama ya faɗa masa a ciki. Kuma a daren da abin ya faru ita tana cikin ɗaki tana salla. Tsohuwa ce kaɗai a tsakar gida, a lulluɓe, tana jan carbi.

Na miƙe ina neman takalmi. Ta ce, "Ina za ka?"

"Wajen mai unguwa."

"Ka ce masa me? Matar Alhaji na hangen maza ta taga? Malam, in ka faɗi wannan ka kashe mata aure, ni kuma ka kashe mini fita unguwa. Amana ta ba ni."

Na koma na zauna. Gaskiyarta. Amma ku duba wannan abu: an tara maza cike da zaure a kan an kalli mace, ba wanda ya ga ya dace a aika ko tsohuwa guda ta tambayi macen ko an kalle ta. Shaida tana nan bayan katanga ɗaya, ni ina riƙe da ita a ciki kamar garwashi, ba halin tofarwa.

Ana gobe ranar, Ticha ya kai mai unguwa filin firamare bayan magariba ya nuna masa tauraron, ya nuna masa wani kusa da shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi biyun nan. Haskensu ɗaya, ko?" Mai unguwa ya ce ɗaya ne. Ya ce to gobe a sake dubawa.

Ranar kuwa filin ya cika kamar za a yi dambe. Har mai gyaɗa ta kafa tire. Allah ya taimake mu aka ɗauke wuta, sama ta fito tar. Da aka idar da isha'i aka shimfiɗa wa mai unguwa tabarma, Alhaji ya zo da agogonsa mai ruwan zinari yana ta jan hannun riga don a gani.

Mai unguwa ya ce, "Malam Ticha, ƙarfe nawa ka ce?"

"Takwas da rabi, ranka ya daɗe. A nan zai kai ƙarshen raguwarsa."

Alhaji ya ce, "Daidai? Ba ya kuskure ko minti ɗaya?"

Na taka ƙafar Ticha. Na rantse muku na taka ta da ƙarfi, har na ji yatsunsa ta cikin silifa. Kalma ɗaya ake nema, "daidai", a wuce wurin. Wa zai iya raba minti da ido a cikin taron nan? Amma mutumin nan ya zare ƙafarsa ya gyara tsayuwa kamar yana gaban allo.

"To, gaskiya yana iya yin gaba ko baya da 'yan mintoci, Alhaji. Akwai tauraro na uku da ke jan su."

"Na uku? Ina yake? Nuna mana."

"Ba a ganinsa."

Filin ya fashe da dariya. Alhaji ya juya wajen jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? In abin ya zo daidai, ya yi gaskiya. In bai zo ba, wani ne da ba a gani ya riƙe shi. Ni ma gobe in an kama ni a rumfar wani sai in ce wanda ba a gani ne ya ja ni!" Wani daga baya ya ce, "Ticha, na ukun nan ba a tsakar gidan Alhaji yake ba?" Aka ƙara fashewa. Mutanen da rabinsu na sanya laya saboda abin da ba sa gani, ranar su ne ke riƙe ciki don an ce akwai tauraron da ba a gani.

Na ce masa a kunne, "Ka kashe mu." Ya ce, "Farfesa, tambayata ya yi. In ce masa abin da ba haka ba?"

Shi kuwa tauraro bai san ana yi ba, aikinsa yake. Sai dai mutane sun zo ne su ga an kashe shi kamar ƙwan lantarki, ƙyaf ɗaya. Abin kuwa a hankali yake tafiya, tun magariba ya fara dusashewa. Wasu suka ce ba su ga komai ba. Wasu ma wani tauraron dabam suke kallo, suna rantsuwa yana nan garau. Wani ya ce wuyansa ya gaji ya tafi. Alhaji ya ce ai tun kafin isha'i wasu ke cewa ya ragu, ke nan ma lokacin da aka faɗa ƙarya ne.

Amma mai unguwa ya tashi a karkara, ya san sama. Ya daɗe da hannu a goshi, sannan ya ce, "Jama'a, tsakani da Allah ya ragu. Jiya kai ɗaya suke da wancan. Yau bai kai rabinsa ba."

Na yi kabbara ni kaɗai. Na ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ragu ko ya mutu ma, ni tauraro na kawo ƙara? An hau sama ba a yi shela ba. An yi ko ba a yi ba?"

"An yi," in ji mai unguwa. "Ya kuma ba da haƙuri." Ya murza gemu. Sannan ya ce ba wanda ya tabbatar Ticha ya kalli iyalin kowa, kada a ƙara kiransa da wannan suna. Amma don a zauna lafiya, kada ya sake hawa.

Na ce to, da sauƙi, ma nemi wani fili. Sai Baba mai gida ya yi gyaran murya. Ya ce shi tun zamanin mahaifin Alhaji suke maƙwabtaka, ba a taɓa jin kansu ba. Ya ce Ticha yaron kirki ne, shi shaida ne, bai taɓa samun ɗan haya irinsa ba. Amma tunda abin ya kai ga haka, don a zauna lafiya, ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata.

A nan na manta da gaban wa nake. Na ce, "Baba, da bakinka ka ce in ya tabbata zai zauna! Mai unguwa ya gani, ka gani, sama ta yi shaida! To me aka tara mu yi? Kallon wuya?"

"Malam, yi haƙuri," in ji mai unguwa.

"Wane haƙuri, ranka ya daɗe? An ce bai yi ba, kuma shi zai tashi? Da ya yi ɗin, me za a yi masa da ya wuce wannan?"

"Malam, a zauna lafiya ake nema."

"Da wa? Wanda za a zauna lafiyar da shi ai shi kuke kora!"

Aka riƙe ni ta kowane gefe, ana cewa Shaiɗan ne, in yi ta'awwuzi. Baba ya ce in na ga gidan ya yi mini ƙunci, ni ma ƙofa a buɗe take. Ga mata, ga 'ya'ya ƙanana, ga ɗaki na wuya a Kaduna a lokacin saboda masaƙu sun cika gari da mutane. Na haɗiye sauran maganar, tana ƙona ni.

Na juya ina neman Ticha in ga yadda ya ɗauki abin. Yana can gefe, ya juya wa taron baya, madubi a ido. Ban san ko ya ji hukuncin ba. Da na matso sai ya ce, a hankali, ba tare da ya sauke madubin ba, "Farfesa, ƙarfe nawa? Ina jin ya fara dawowa."

Na so in fizge madubin in maka shi da ƙasa. Amma na haska tocila, na faɗa masa lokaci. Ya ce na gode. Sai a hasken tocilar na ga fuskarsa a jiƙe take. Ashe ya ji.

Ƙarshen wata na nemo a-kori-kura muka loda kayansa: katifa, risho, akwatin littattafai da ya kusa karya mini baya. Mai ɗakina ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, sai kuka. Ba wanda ya fito daga layin nan ya kama mana ko kujera. Suna dai leƙowa ta ƙofofi, su da suka tsani leƙe. Ya sami ɗaki a Narayi, lokacin rabinta gonaki ne. Ya ce can ma ya fi duhu, sama ta fi fitowa. Na ce masa in ya ƙara nemo mini alheri a cikin abin nan zan sauka daga motar. Makaranta ba ta kore shi ba, amma a shekarar aka ɗauke shi daga ajin 'yan mata, ba tare da an ce masa don me ba.

Ba a yi shekara biyu ba Alhaji ya ɗora bene. Tagoginsa na sama na kallon tsakar gida wajen biyar, har da tamu, har da bakin banɗakinmu. Na je wurin mai unguwa na faɗa. Ya ce, "Malam, arziki ne Allah ya ba shi, sai a sa labule." Mu za mu sa labule, a tsakar gida! Matanmu suka koma wanke-wanke da mayafi.

Zumuncinmu da Ticha bai yanke ba. Nakan hau keke in je Narayi in riƙe masa agogo, can ba a bukatar maƙogwarona sai dai in kori awaki. Ya yi aure, ni na yi masa babban aboki a wajen cin shinkafa tunda coci ba ta da aikin da za ta ba ni. Ya yi ritaya da mutuncinsa. Mun sha yin faɗa a kan ranar nan. Nakan ce da ka ce "daidai" da an wuce wurin. Yakan ce, "Farfesa, da na faɗa ma sai sun tashe ni. Gara da na tashi da gaskiyata." Na daɗe ina musu, amma yanzu na yarda da rabin maganarsa. Tun kafin a shimfiɗa tabarma a filin nan an riga an san wanda zai tashi. An dai bar mu mu gaji da kallon sama ne.

Shi ya yafe tun tuni, har gaisuwar mutuwar Baba mai gida ya je. Ni ne dai abin ya ƙi sauka. Alhaji bai fi ba ni haushi ba, shi aƙalla ya yi zaton an taɓa masa gida. Waɗanda suka tsaya mini a wuya su ne masu cewa "mun san bai yi ba, amma". Dattawan kirki ne, masu salla a sahun gaba, ba su taɓa zagin kowa ba. Da murmushi da ban haƙuri suka tashi mutum daga ɗakinsa, suka koma gida suka yi barci suna ganin sun yi sulhu.

Yanzu tsufa ya sa ni ma ana kirana sasanta rigima a unguwa, wai ni dattijo. Suna ƙorafin ina ja wa zama tsawo. Gaskiya ne. Da na ji wani ya gyara murya ya ce "don a zauna lafiya", sai in ce dakata, Alhaji, kafin mu shafa fatiha a gaya mini wanda zai kwashe kayansa.